Kyautar da Mer Bai Yi Niyya Ba

Ko tsufa zai kwashe min komai, har in riƙa cigiyar tabarau alhali yana bisa hancina, ban yi tsammanin zai iya kwashe min ranar da magajin garinmu, wanda muke ce wa mer, ya yi kyautar da bai yi niyya ba. Na halarci taro iri-iri a aikin koyarwa, mafi yawansu ba abin da nake tunawa sai irin shinkafar da aka raba. Wannan kuwa har yau in na ga benci mai majingina sai dariya ta kama ni.

A lokacin ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata lise ta karkara, wato makarantar sakandare, can wajen Gidan Rumji. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanen suna nan da ransu, wasunsu ma har yanzu muna gaisawa a wurin biki. Lise ce dai a suna. Ajin siminti bai taka kara ya karya ba, saura duk rumfunan zana ne da ake kafawa bayan girbin hatsi, in an samu kara. Wurin zama kuwa kowa da dabararsa: wani buhu, wani bulo, wani fasasshiyar jarka da uwarsa ta yar. Ka ga ƙato da gemu yana shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, ya naɗe ƙafa cikin yashi, ya ɗora littafi bisa gwiwa yana rubuta tarihin manyan dauloli.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani porje, wato shirin raya ƙasa, ya samu tallafi daga ƙasashen waje don koya wa 'yan lise zama 'yan ƙasa na gari, masu sa baki cikin harkar jama'a, kuma makarantarmu tana cikin waɗanda aka zaɓa. Da aka ji akwai horo a Maraɗi, a otal mai sanyi, da perdiyam, wato kuɗin guzuri, sai ga ƙaunar dimokuraɗiyya ta tashi wa kowa lokaci guda. Malamin lissafi, wanda ko zaɓen ƙasa ba ya fita, ya ce shi tun yana ƙarami wannan ne burinsa. Provizer, wato shugaban makarantar, ya raba gardama ta hanyar zaɓar kansa, sannan ya haɗa da ni don a samu wanda zai yi aikin.

A Maraɗi an koya mana abubuwa masu nauyi. An koya mana rubutu a kan 'yan takardu masu launi muna liƙawa a bango. An koya mana tafi iri uku. An koya mana cewa yaro yana da murya, kuma dole a saurare shi. Provizer ya fi kowa gyaɗa kai a wannan wurin, shi da ko kai malami in ka ce masa ruwa ya ƙare a randa sai ya tambaye ka wa ya ba ka izinin magana. Abu ɗaya dai na riƙe da ya yi min daɗi: 'yan makaranta za su zaɓi gwamnatinsu da ƙuri'a, su kuma zaɓi buƙata guda wadda ta fi damun su, porje ya biya. Sharaɗin kawai shi ne sai baƙi sun zo daga Yamai sun gani da idonsu cewa buƙatar gaskiya ce.

Mutum biyu suka tsaya takarar shugabanci. Ɗaya ɗan wani attajiri ne da ke fataucin wake zuwa ƙetaren iyaka. Shi ya yi alkawarin ƙwallo da riguna, ya kuma raba fanke, abin da ya nuna mana cewa yaro ya riga ya gama karatun siyasa a gida. Ɗayar kuwa wata yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, siririya, mai ɗan cin rai, daga gidan maroƙa. Kawunta shi ne babban maroƙin garin, wanda ba a ɗaurin aure ko naɗin sarauta sai da muryarsa. Magoya bayan ɗan attajiri suka samu abin yi, suna cewa me za a yi da jinin maroƙa, baki ne kawai jarinsu.

Ranar da aka ba su damar magana, ta tsaya gaban tuta ba takarda a hannunta, ta ce: "Ni ban da hwanke. Amma in kun ka zaɓe ni, ba wanda za shi ƙara rubutu bisa gwiwa. In ban cika ba, ku kira ni maƙaryaciya har cikin kasuwa."

Sun ci fanken, suka zaɓe ta. Da aka zo ƙuri'ar buƙata kuwa ba a ma sha wahala ba, har ɗan attajirin ya ɗaga hannu wa benci. Muka rubuta, muka aika Yamai. Daga ranar yarinyar nan ta ɗauki maganar a ka. In ta wuce, yara su ce, "Shugaba, ina bencunanmu?" ta ce suna hanya. Na san abin da ta jingina, domin a garin nan 'yar maroƙa ba ta da gona, ba ta da shago, in aka ce bakinta ma ba shi da gaskiya to an gama da ita.

Sai ga saƙo cewa baƙi za su zo ranar kasuwa. Nan provizer ya rikice. Ya tara mu a buro, wato ofishinsa, yana share gumi, ya ce: "Baƙi su taho tun daga Yamai, har da Nasara, su iske ɗiyanmu zamne ƙasa? Mi za a ce da mu?"

Na ce, da laƙabin girmamawa na Faransanci, "Mushe provizer, ai don su ga hakan ne za su zo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai har yanzu yaro ne. Ba a tarbon baƙo da tsumma."

Wanda bai san mu ba zai ce hauka ne, amma duk ɗan ƙasar nan ya gane shi. Mu mutane ne da in surukai za su zo, sai ka aro tabarmar maƙwabci da tirensa, wani lokaci har da rigarsa, kuma maƙwabcin ya zo ya zauna yana yaba maka kayan kamar bai taɓa ganin su ba. Rufin asiri muke ce masa, kuma abu ne mai kyau a gidan biki. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu ba, me zai faru in baƙon likita ne kai kuma ka ɓoye masa gyambon.

Provizer ya je wajen mer ya roƙi aro. Meri, wato ofishin magajin gari, tana da bencuna jibge a zauren taro, dogaye, masu majingina da ɗan katakon ɗora takarda, waɗanda kansiloli ke gyangyaɗi a kansu in ana zaman majalisa. Mer ya yarda, da sharaɗin a mayar masa washegari da safe. Ana gobe baƙi za su zo, amalanken shanu suka yi ta jigila. Aka share rumfuna, aka yayyafa ruwa, aka kwashe buhuna da bulo da jarkuna aka tura bayan katanga. Makarantarmu ta yi kyau har ni kaina na ji kamar an yi min ƙarin girma.

Yarinyar ta same ni a gindin itacen bedi ina kallon ikon Allah. Ta gaishe ni, ta ce, "Mushe, wanga hwa?"

Na ce aro ne, don baƙi.

Ta ce, "To in sun ka ga muna da su, mi za su ba mu?"

Duk takardun da na liƙa a bangon otal, babu wadda ke ɗauke da amsar wannan tambaya. Na ce mata Allah yana nan. Ta ce haka ne, ta tafi.

Ranar ta zo. Makaɗa sun jeru tun hantsi, kawun yarinyar yana gaba cikin babbar riga, provizer ne da kansa ya gayyato shi don taro ya yi armashi. Mer ya zo da kansilolinsa, kuma da yake zaɓe ya ƙarato, abokin hamayyarsa ma ya zo ba tare da an kira shi ba, ya samu wuri a gaba ya kafe. 'Yan kasuwa da suka ji kiɗa suka baro rumfunansu suka cika bakin fili. Can sai ga motoci masu tsayi. Wata madam ta fito, 'yar Yamai, da gorar ruwa a hannu, sai wani Bature da rana ta gasa ya yi jajur, yana rataye da abin ɗaukar hoto.

Aka zaga da su aji-aji. Yara suna zaune bisa bencuna sun sandare, kowa yana tsoron ya motsa ya karya kayan hukuma. Ina ganin madam tana duba takardarta, tana duba bencuna, tana sake duba takarda. A aji na uku ta tsaya, ta ce cikin Faransanci, "Amma an rubuto mana cewa buƙatar yaran nan wurin zama ne. Ga shi kuwa ina ganin kowa a zaune."

Provizer ba ya iya cewa aro ne, don faɗin haka ya fi zaman ƙasa kunya. Sai ya juya ya nuna mer da hannu biyu, ya ce, "Ai mai girma mer ne ya share mana hawaye."

Mer bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai gyara hula, ya yi irin murmushin nan na mai alheri da ba ya son a faɗa. Bature ya ɗauke shi hoto. Madam kuwa daɗi kamar ya kashe ta. Ta ce wannan shi ne ainihin abin da porje ke nema, yara sun ɗaga murya, hukuma ta amsa, tun kafin a kashe ko sisi. Tunda buƙata ta biya, za a juya tallafin zuwa babban allo mai ɗauke da haƙƙoƙin ɗan ƙasa, da huluna masu tambari.

Yarinyar tana bayanmu, don a matsayinta na shugaba ita ma tana cikin masu rakiya, kuma Faransancinta ya fi na wasu kansiloli. Na waiga na ga fuskarta. Ta fahimci abin da aka ce. Yaran ajin sun ji komai, kuma kafin mu fito fili labari ya riga mu. Na ji wani daga cikin yaran ɗan attajiri yana cewa, ba da ƙarfi ba amma yadda za ta ji, "Gobe a koma bisa jarka, amma da hula." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin provizer, na ji haushin madam da ba ta ko leƙa bayan katanga ba, na ji haushin wannan ladabi namu da ke ɗaure wa mutum baki yana kallo ana yanka shi.

Aka fito da bencuna fili, aka zauna taro. Aka yi jawabai, kowane ya fi na gabansa tsawo. Daga ƙarshe aka kira shugabar 'yan makaranta ta karanta nata, wanda provizer ya rubuta mata da Faransanci mai kauri, cike da godiya ga abokan hulɗa. Ta fito, ta dubi takardar, ta ninke ta, ta sa a aljihu. Provizer ya dube ni kamar ni na ninke.

Ta durƙusa ta gaida manya, sannan ta ce da Hausa, "Ni yarinya ce, bakina bai kai in yi magana da manya ba. Kawu, taho ka ara mini naka."

Nan fili ya ɗauki murmushi, don haka al'ada take. Ƙarami ba ya jefa wa babba magana kai tsaye a bainar jama'a, sai ta bi ta bakin maroƙi. Tsoho ya taso yana jan riga, ya tsaya tsakaninta da mer. Ta riƙa faɗa a hankali, shi yana ɗagawa yadda har masu awon hatsi za su ji.

"Ta ce ɗiyan lakol suna gaida mai girma mer! Ta ce sun daɗe zamne ƙasa, yau ga su bisa katako! Ta ce sun ji an ce kai ka share musu hawaye!" Mer yana gyaɗa kai, makaɗa suna ɗan taɓawa. Sai ta sake raɗa masa wata magana. Tsoho ya ɗan dakata, ya dube ta, na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya juya ya cika ƙirji. "Ta ce godiyar aro daban, godiyar kyauta daban, kuma ba su so su yi kuskure gaban baƙi! Ta ce a hwaɗa musu, ranka shi daɗe, wace iri za su yi? Bencunan ga, aro ne ko kyauta?"

Ban taɓa jin shiru irin wannan a garin ba, ranar kasuwa kuwa. Madam ta matso kusa da ni tana tambaya me ake cewa, na ce mata godiya ake yi. Provizer ya sunkuyar da kai yana nazarin takalmansa. Mer ya dubi Bature, ga abin hoto an saita masa. Ya dubi jama'a, ga masu ƙuri'a tsaye har bakin hanya. Sai abokin hamayyarsa ya yi gyaran murya, irin wadda ba ta kaikayin maƙoshi ba ce.

Mer ya ce, "Kyauta ce."

Kafin ya rufe baki tsoho ya riga ya kai ta sama. "Jama'a ku shaida! Kyauta ce, ba aro ba! Na gaba ya ji, na baya ya ji! Mer ya ba ɗiyan talakawa bencunan meri, har abada, ba waiwaye!" Kalangu ya ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa, yara suka hau tafi, ba ko ɗaya daga cikin iri ukun da aka koya mana a Maraɗi. Wanda ya san ƙasar nan ya san an gama. Kyautar da maroƙi ya shelanta gaban jama'a ba ta komawa, sai in mutum ya shirya a riƙa nuna jikokinsa da baki. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, dole mer ya sa hannu a aljihu ya sallami maroƙin da ya raba shi da kayansa, yana murmushi kuma.

Washegari da safe masu amalanke suka zo kamar yadda aka yi da su, don ba wanda ya tuna ya sallame su. Suka iske yara zaune suna darasi. Babbansu ya leƙo, ya ce an ce su zo ɗaukar kaya. Wani yaro ya ce, "Wane kaya, baba? Ba ka je kasuwa jiya ba?" Tsohon ya yi dariya, ya juya shanunsa. Daga meri ba a sake aiko kowa ba. An ce zaman majalisa na gaba bisa tabarmi aka yi shi, kuma an ce ba a taɓa yin zaman da ya ƙare da wuri kamarsa ba.

Provizer ya kira yarinyar buro, ni ma ya kira ni in zama shaida. Ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya ce ta ci mutuncin makaranta, ta kunyata hukuma, ta nuna halin gidansu. Ta bari ya gama, kanta a ƙasa, sannan ta ce, "Mushe provizer, ni godiya na yi. In akwai inda na yi ƙarya, a hwaɗa mini in je in ba mer haƙuri gaban mutane." Ya dube ta, ya dube ni, ya ce mu fita. Bai kore ta ba, don ba shi da abin da zai rubuta, amma har ta bar makarantar bai sake amsa gaisuwarta ba. Mutanen mer kuma suka daina kiran kawunta biki na wani lokaci, abin da ya taɓa tukunyar gidansu sosai. Na je na yi masa jaje, ya ce in bar shi, tun da yake roƙo bai taɓa yin shelar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba.

Allon ya zo daga baya, babba, da haƙƙoƙin ɗan ƙasa jere da Faransanci. Aka kafa shi bakin ƙofa, awaki suka ji daɗin inuwarsa. Hulunan ma sun zo, mafi yawansu a kan 'yan kabu-kabu na gan su. Da rahoton porje ya fito, hoton mer ne a gaba yana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne amfanin horon da aka ba malamai. Provizer ya sa an liƙa shi a buro.

Yarinyar ba wanda ya kira ta maƙaryaciya, a kasuwa ko a wani wuri. Ta yi bitar bak ɗinta zaune bisa bencin da sakataren meri yake jingina, littafinta bisa katako. Wasu daga cikin bencunan suna nan har yau, an ɗaure musu ƙafa da waya, ƙannen ƙannenta na zama a kai ba su san tarihinsu ba.

Ni aka kai otal aka horar don in koya mata yadda ɗan ƙasa ke neman haƙƙinsa, ita ta koya min a filin makaranta, tana durƙushe. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, manyanmu sun fi jin kunyar baƙo na yini ɗaya a kan 'ya'yansu da ke zaune a ƙasa shekara da shekaru. Kunyar nan ita ta kusa raba yaran da haƙƙinsu, ita ce kuma ta ƙwato musu shi da aka samu mai juya ta. Tun daga lokacin, duk sanda na ji babba ya yi wa talakawa alkawari, ba na yin tafi da wuri. Sai in jira in ga ko akwai mai ƙarfin halin da zai tambaye shi gaban mutane: aro ne ko kyauta?